Baƙuwar da Ta Ƙi Tafiya: Tarihin Gyambon Ciki da Ƙwayar Cutar da ke Haddasa Shi

Gabatarwa



Na san wasu daga cikinku za su yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga maganar ciwon ciki, alhali kuwa akwai likitoci a wannan zaure waɗanda suka fi ni sanin kan abin. Gaskiyar magana kalma ce ta jawo ni, kalmar kuwa ita ce “gyambon ciki”. A garinmu Maradun na tashi ina jin ta a bakin manya. Akwai wani ƙanen mahaifina, manomi, wanda ba a raba aljihunsa da ƙullin jar kanwa. In ciwon ya motsa masa da tsakar dare sai ya jiƙa ta ya sha, ya yi gyatsa, ya sami sa'ida har gari ya waye. An hana shi barkono, an hana shi tsami, an ce ya rage tunani. Haka ya yi ta fama shekara da shekaru, har ranar da ya yi aman jini a gona, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Sai bayan shekaru masu yawa, ina karatu a Ingila, na ji daga bakin wani abokin zamana, ɗalibin likitanci, cewa galibin irin wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma maganin mako biyu yana iya raba mutum da ita. Tun ran nan nake bin tarihin wannan al'amari. Tambayar da ta fi tsaya mini a rai, wadda kuma ita ce ginshiƙin wannan lacca, ita ce: yaya aka yi halitta ƙarama kamar wannan take shiga tumbin mutum tun yana yaro, ta zauna har ya tsufa, garkuwar jiki tana ganinta amma ta kasa korarta?

Yadda Magabata Suka Fahimci Ciwon

Gyambo a Hausa shi ne tsohon miki, galibi a ƙafa, wanda ya ƙi warkewa, ko kuwa in ya rufe sai ya sake ɓallewa. Wanda ya fara haɗa wannan kalma da ciki lalle ya yi hangen nesa, domin abin da likita yake gani ke nan in ya zura madubi: miki a bangon tumbi ko a bakin ƙaramin hanji, mai warkewa yana dawowa. Inda aka sami kuskure shi ne wajen sanadi. An ɗora laifin a kan yunwa, da yawan yaji, da cin goro ba a karya ba, da damuwa.

Malaman ƙasar nan ba su yi sakaci da ilmin magani ba. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya yi zamani da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a Matuzgi, nan ƙasar Talata Mafara, ya yi rubuce-rubuce a kan neman waraka. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kan abin da ke gyara addini da jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littafi a kan maganin basur, wani kuma a kan amfanin filasko. Sun gaji ra'ayin likitocin Larabawa na cewa ciki shi ne matattarar cuta, tsakaita cin abinci kuwa shi ne babban magani. Talaka kuma ya riƙe kanwarsa, jar kanwa ko ungurnu, bisa hujjar da kowace mace ta sani a madafa, watau kanwa tana kashe tsami.

Kada a ɗauka likitocin Turai sun wuce wannan matsayi. A 1910 wani likitan fiɗa mai suna Karl Schwarz ya kafa ƙa'idar da aka yi shekara 70 ana bi, cewa in babu ruwan tsami a tumbi babu gyambo. Saboda haka sai aka duƙufa wajen yaƙi da tsami: a ɗora majiyyaci a kan madara, a ba shi garin da ke kashe tsami, in abin ya faskara a yanke jijiyar da ke sa tumbi zubo ruwan, ko a yanke wani sashe na tumbin ɗungurungum. A 1976 aka fito da ƙwayar magani mai suna simetidin wadda ke rage ruwan tsamin ƙwarai. Gyambo yakan warke da ita, amma da an daina sha, kafin shekara ta zagayo ya dawo wa mafi yawan masu shi. Ashe mai kanwa a Maradun da babban likita a Landan tudu ɗaya suke tsaye, kowa yana kashe hayaƙi ya bar wutar tana ci.

Yadda Aka Gano Ta

Ba a rasa waɗanda suka hango wutar ba. A 1893 wani masani ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, ya ga wasu murɗaɗɗun ƙwayoyin halitta a tumbin karnuka. A 1899 Walery Jaworski ya ga irinsu a ruwan da aka wanko daga tumbin mutane a birnin Krakow. Amma a 1954 wani likitan Amurka, Eddy Palmer, ya duba tsokar tumbin mutum fiye da 1,000 ya ce bai ga kome ba, aka kuwa karɓi maganarsa, tun da ta dace da abin da ake koyarwa, cewa babu mai rai da zai iya zama cikin tsami irin na tumbi. Wani likitan karkara a ƙasar Girka, John Lykoudis, ya shiga ba masu gyambo maganin kashe ƙwayoyin cuta tun 1958, suna warkewa, sakamakonsa kuwa shi ne aka ci shi tara.

A 1979, a asibitin birnin Perth na ƙasar Ostireliya, likita Robin Warren ya sake ganin waɗannan murɗaɗɗun halittu, ya kuma lura cewa duk inda suke bangon tumbi a kumbure yake. A 1981 wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ƙi, domin ma'aikata sukan zubar da faranti bayan kwana biyu in ba su ga tsiro ba. A watan Afrilu 1982 hutun Ista ya sa aka manta da faranti har kwana biyar, da aka dawo sai ga ta ta tsiro. Duk da haka manyan likitoci ba su gaskata ba. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya rena ƙwayar a ciki ya shanye. Cikin kwanaki kaɗan ya fara amai, bakinsa ya yi wari, da aka duba tumbinsa, wanda a da lafiya lau yake, sai aka tarar ya kumbura, ga ƙwayar ta kafa sansani. A 1989 aka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu, Helikobakta failori. A 1994 hukumomin lafiya na Amurka suka yarda a riƙa yi wa masu gyambo maganinta, a 2005 kuma aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel. Ni dai, don sauƙin faɗa, zan kira ta murɗaɗɗiya.

Dabarun Zamanta a Tumbi

Mu ɗauki tumbi kamar birni irin na da. Yana da ramin ganuwa, watau ruwan tsami mai ƙarfin narkar da nama. Yana da ganuwa, watau wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa don kada tsamin ya ci shi. Bayan ganuwa akwai masu tsaron ƙofa da ke shaida baƙo, sa'an nan ga dakaru, watau fararen ƙwayoyin jini. Mafi yawan ƙwayoyin cutar da muke haɗiya a ramin nan suke halaka. Murɗaɗɗiya kuwa ta tanadi amsar kowane mataki.

Da fari dai, da kanwarta take tafe. Manoman Bakalori sun san takin yuriya. To, jikin mutum ma yana yin yuriya, ita ce ke fita cikin fitsari, kaɗan daga cikinta kuma yana tsattsafowa cikin tumbi. Murɗaɗɗiya tana da wani sinadari mai yawan gaske a jikinta wanda ke farfasa yuriyar nan ya fitar da amoniya, abin nan mai warin tsohon makewayi, ita kuwa amoniya tana kashe tsami kamar yadda kanwa ke yi. Har wata 'yar ƙofa gare ta a fatarta wadda ba ta buɗewa yuriya ta shiga sai tsami ya tsananta. Abin da baffana yake yi da tsakar dare, ita ma shi take yi a cikin cikinsa, sai dai ita kanta kaɗai take karewa.

Wannan kariya ta ɗan lokaci ce, saboda haka ba ta tsayawa a fili. Jikinta a murɗe yake kamar igiya, tana da wutsiyoyi a gefe guda masu juyawa suna tura ta. Amoniyar da take fitarwa tana tsinka yauƙin da ke gabanta, sai ta kutsa ta nufi gindin ganuwa inda tsami ba ya kaiwa. A can mafi yawansu suke zama, wasu kuma su manne wa bangon tumbi da wasu ƙugiyoyi, don kada abinci ya share su zuwa hanji.

Sai maganar masu tsaron ƙofa. Jiki yana shaida ƙwayoyin cuta ne ta wasu alamomi, musamman rigar da ke lulluɓe da su da kuma irin wutsiyarsu. Murɗaɗɗiya ta sauya ɗinkin rigarta har ƙararrawar da take tayarwa ba ta kai ko kusa da ta sauran ƙwayoyin cutar hanji ba, wutsiyarta kuma mai tsaron da aka sa don wutsiya ba ya gane ta. Daɗin daɗawa, tana yi wa rigar ado da wasu alamomi irin waɗanda ke jikin ƙwayoyin halittar mutum kansa. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari; ita kuwa kayan ɗan gari ta sato ta sa.

Duk da haka labari yakan kai ga dakaru, su kuwa zo da yawa. Makaminsu wasu ruwaye ne masu ƙuna da suke watsa wa abokin gaba, ita kuma tana da sinadaran da ke warware su nan take. Tana zaƙulo wani kitse daga bangon tumbi ta shafa a jikinta, rashin kitsen nan kuwa yana hana bangon jin saƙon da dakaru ke aiko masa na ya tashi tsaye. Tana fitar da wata guba da ke hana manyan dakaru hayayyafa. Wasu ire-irenta ma suna da abu kamar allura da suke soka wa bangon tumbi su zuba masa wani sinadari mai ruɗa tsarin girmansa, waɗannan su ne suka fi kawo gyambo da ciwon daji.

Dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta sulhu. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da aikinsu shi ne tsawatarwa, su ce wa dakaru ya isa haka, don kada jiki ya ci kansa. Murɗaɗɗiya tana sa waɗannan masu sulhu su yawaita, musamman in tun ana yaro ta shiga. Sa'an nan ga saurin sauya kama: tana yawan canza tsarin halittarta, tana musayarsa da 'yan'uwanta, har ya zama da wuya a sami mutum biyu da ba dangi ba masu ɗauke da iri ɗaya sak. Jiki yakan ƙera makami daidai da ita, kafin ya gama ta zama wata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa har yanzu ba a sami allurar rigakafinta da aka amince da ita ba.

Sakamakon duk wannan shi ne yaƙin da ba a ci ba a kuma daina ba, filin daga kuwa shi ke shan wahala. Bangon tumbi yana zama a kumbure shekaru aru-aru, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: inda yauƙi ya raunana, nan tsami ke cin nama ya zama gyambo. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin kome har su mutu. Kimanin 10 zuwa 15 cikin ɗari sukan yi gyambo, 1 zuwa 3 cikin ɗari kuma ciwon dajin tumbi. Saboda haka ne a 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo shi.

Tarihinta a Ƙasarmu

Irin wannan ƙwarewa ba a kwana ɗaya ake samunta ba. Masana da suka gwada ire-iren murɗaɗɗiya daga sassan duniya sun nuna a 2007 cewa daga Afirka ta fita, a cikin tumbin mutanen da suka yi ƙaura kimanin shekara 60,000 da suka wuce, wani bincike na 2012 kuma ya kai zamanta da ɗan Adam aƙalla shekara 100,000. An same ta a gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana shekara 5,300 a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, ire-irenta suna bin sawun ƙaurar al'ummu kamar yadda harsuna ke yi. Alal misali, irin da aka samu a Habasha da Somaliya da Sudan an same shi a arewacin Nijeriya. Ke nan ta girmi Birnin Zamfara, ta girmi harshen da nake magana da shi.

A 1975 likita Frank Tovey da abokin aikinsa suka tattara rahotannin asibitocin Afirka, suka ce gyambon bakin hanji ya yi yawa a ƙasashen bakin teku amma ya yi ƙaranci a yankinmu na masu cin gero da dawa. Da aka gano murɗaɗɗiya sai aka zaci za a tarar ba ta da yawa a nan. A 1992 likita Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya bayyana cewa 85 cikin ɗari na mutanen da aka gwada jininsu suna da alamarta, mafi yawa kuma sun kamu tun kafin su kai shekara 10. Ga ƙwaya ta cika gari, ga kuma cutar da ake tsammani ba ta bayyana a littattafan asibiti ba. Shi ya sa ya kira abin da sunan ɗaurin kan Afirka.

An kawo amsoshi iri-iri. Wasu sun ce abinci ne. Wani gwaji da aka yi da ɓeraye a 2000 ya nuna cewa tsutsar ciki tana karkatar da hankalin dakarun jiki har ɓarnar da ake yi wa tumbi ta ragu. Amma wasu masana sun duba sakamakon zura madubi da aka yi a asibitocin Afirka daga baya, suka ce gyambon yana nan da yawa, abin da ya yi ƙaranci shi ne madubin da mai zura shi. Ni wannan amsa ta fi kwanta mini, domin baffana bai shiga lissafin kowa ba. Wani babban ƙiyasi na 2017 ya nuna kusan 88 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ita, alhali a duniya baki ɗaya kimanin rabin mutane ne.

Ta ina take shigowa? Daga mutum zuwa mutum, galibi a cikin gida, ta miyau da amai da bayan gida. A Burkina Faso an nuna a 1990 cewa tauna wa jariri abinci yana da hannu a ciki. A birnin Lima na ƙasar Peru an nuna a 1991 cewa irin ruwan da yara ke sha yana ƙara haɗarin. A Gambiya an ciro ta da rai daga bayan gidan yara a 1992, an kuma ga cewa nonon uwa yana jinkirta kamuwar jariri. A Japan da ƙasashen Turai yawanta ya yi ta raguwa daga iyaye zuwa 'ya'ya tun kafin a san da ita, saboda ruwan famfo da makewayi mai tsabta da raguwar cunkoso a ɗaki. Mu kuwa an gama madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, an ta da dubban mutanenmu daga gidajensu da gonakinsu dominta, ga ruwa shimfiɗe iya ganinka daga Maradun. Amma ruwan noman rani daban, ruwan da za a ba yaro ya sha daban.

Kammalawa

Jama'a, darasin wannan tarihi a fili yake. Abokiyar gabar da ta yi shekara 100,000 tana koyon halin garkuwar jikinmu, ba za mu bar wa garkuwar ita kaɗai aikin korarta ba. Mai fama da gyambon ciki ya je a gwada shi, akwai gwajin bayan gida da na numfashi. In an same ta, magani shi ne haɗin masu kashe ƙwayoyin cuta, aƙalla iri biyu, da mai rage tsami, kwana 10 zuwa 14, a sha har ƙarshe bisa umarnin likita. Shan rabi a bari, ko sayen filajil a tire duk sanda ciki ya murɗa, horar da ita ne, har ta kai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace ta cikin masu bijire wa magani. A kuma sani cewa magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, waɗanda manoma da 'yan ƙwadago ke haɗiya da yamma, su ma suna huda tumbi. Baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama babu dalili, ba na kanwa ba ne, na asibiti ne a ranar.

Ku ma'aikatan hukuma, rijiyar burtsatse da aka gyara a kan lokaci da makewayin makarantar firamare suna cikin maganin gyambon ciki, ko da yake sai bayan shekara 30 za a ga amfaninsu. Ku ɗaliban Hausa kuma, naku aikin shi ne ku mai da wannan ilmi harshen da tsohuwa a Bakura za ta ji a rediyo ta gane. Magabata sun ba mu sunan ciwon, sun kuwa raɗa shi daidai. Saura mu sanar da jama'a sunan mai kawo shi.